Ƙagewar Sharaɓa Ga Mai Juna Biyu: Miƙa Ƙafa, Magniziyam Ko Kalsiyam?

Daga wata na biyar zuwa sama, akwai kukan da ma'aikatan awon ciki suka saba ji: "Ƙafata tana ɗaure mini da dare." Yawanci cikin tsakar dare abin ke zuwa, ko gab da asuba. Mace ta yi miƙa cikin barci, yatsun ƙafa su nufi ƙasa, nan take tsokar sharaɓa ta dunƙule ta yi tauri gam, har idan an taɓa ana jin curin a ƙarƙashin fata. Wani lokaci daƙiƙu kaɗan ne ya saki, wani lokaci ya kai mintoci, kuma ko bayan ya saki wurin kan yini yana tsami. An ƙiyasta cewa cikin masu ciki goma, uku zuwa biyar na gamuwa da shi, kuma ya fi tsananta a watanni ukun ƙarshe.

Likitoci na danganta shi da abubuwa da dama da ke haɗuwa a lokaci guda: nauyin da ya ƙaru a kan ƙafafu, mahaifa da ke danne hanyoyin jinin da ke dawowa daga ƙasa, gajiyar tsoka, da sauyin da ake samu a sinadaran jiki. Shi ya sa shawarwari suka yi yawa, kowa da tasa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na kula da masu juna biyu, kuma abin da ta ce kan wannan matsala gajere ne: ana iya amfani da ƙwayar sinadarin magniziyam, ko ta kalsiyam, ko hanyoyin da ba na magani ba, gwargwadon abin da macen ta fi so da abin da ke samuwa. Wato an bar miki zaɓi. To amma ba za a yi zaɓi da ka ba, don waɗannan ukun ba ɗaya suke ba a aiki, da wahala, da haɗari.

Kafin a kwatanta su, a raba tambaya biyu da ake yawan cakuɗawa. Abin da za ki yi a daidai lokacin da ƙafar ta ƙage daban, abin da za ki yi don kada ta ƙage gobe daban.

A lokacin da ta ƙage babu wata gasa tsakanin hanyoyin nan uku. Babu ƙwayar da za ta narke ta isa tsoka kafin ciwon ya wuce da kansa. Miƙe ƙafar ki daidaita gwiwa, ki tura diddige gaba, ki jawo yatsu zuwa wajen ƙwauri. Idan ciki ya yi girman da hannu ba ya kaiwa, ki rataya zane ko tawul a tafin ƙafar ki ja da hannu biyu, ko maigida ya riƙe diddigen da hannu ɗaya, ya tura tafin ƙafar sama da ɗayan a hankali. Da farko za ki ji kamar ciwon ya ƙaru, sai kuma curin ya warware. Idan za ki iya tashi, ki dafa wani abu ki tsaya a kan ƙafar, diddige a ƙasa sosai, ki ɗan taka. Kuskuren da kusan kowa ke yi cikin firgici shi ne lanƙwasa gwiwa a rungume ƙafar, yatsu na kallon ƙasa. Wannan ƙara wa tsokar dunƙulewa yake yi. Bayan ta saki, tausa mai sauƙi ko tsumma mai ɗumi na rage tsamin.

Sai dai a nan akwai abin da bai kamata a wuce shi da sauri ba, tunda an ambaci tausa. Juna biyu na ninka haɗarin daskarewar jini a manyan jijiyoyin ƙafa kamar sau huɗu zuwa biyar, kuma hakan na samun mace ɗaya zuwa biyu cikin dubu. Ba yawa gare shi ba, amma yana kisa idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu. Bambancinsa da ƙagewa ta yau da kullum a fili yake ga wadda ta san abin dubawa. Ƙagewa takan zo farat ɗaya ta tafi, ƙafar ta koma yadda take. Daskarewar jini kuwa ciwonta ba ya tafiya, ƙafa ɗaya ce ke kumbura ta fi 'yar'uwarta, wurin ya yi zafi idan an taɓa, fatar ta sauya launi, kuma ga masu ciki ya fi kama ƙafar hagu, wani lokaci har cinya da matsematsi. Idan haka kika gani, babu tausa, babu gashi, babu jiran ranar awo: asibiti a ranar. In kuma numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na suka, to a take. Haɗarin nan bai ƙarewa da haihuwa, yana nan har makonni shida bayanta.

Yanzu ga rigakafi, inda ainihin zaɓin yake.

Miƙa tsokar sharaɓa kafin kwanciya ita ce mafi arha cikin ukun, don ba ta cin komai sai mintoci biyar. Ki fuskanci bango, tsakaninku tsawon hannu, ki dafa shi da tafukanki. Ki mayar da ƙafa ɗaya baya, gwiwarta a miƙe, diddigenta manne da ƙasa, ki lanƙwasa gwiwar gaba a hankali har ki ji jan a sharaɓar baya. Ki riƙe kamar daƙiƙa 30, ki sauya ƙafa, ki maimaita sau uku kowace. Kada ki yi ta ja kina saki, riƙewa ake yi shiru. Kuma dafa bangon ba ado ba ne, domin mai tsohon ciki ba ta da daidaiton tsayuwar da ta saba da shi.

Hujjar da ke bayan wannan hanya fa? Gaskiya ba ta kai yadda ake zato ba. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Holan, aka wallafa a 2012, kuma a kan mutanen da suka haura shekara 55 ne, ba masu ciki ba. Waɗanda suka riƙa miƙa tsokokin ƙafa kowane dare na tsawon mako shida sun sami raguwar ƙagewa da raguwar zafinta. A kan masu juna biyu kuwa, shawarar ta fi dogara ga abin da ungozomomi da likitoci suka daɗe suna gani. Duk da haka ni ita nake sa wa a gaba, saboda dalili ɗaya: idan ba ta yi aiki ba, ba ki yi asarar komai ba, kuma babu abin da ya shiga jikin ɗan da ke ciki. Matsalarta guda, tana son naci. Wadda ta yi kwana biyu ta bari, ta ce ba ta ga amfani ba, ba ta gwada ba tukuna.

Magniziyam shi ne wanda ya fi suna, kuma shi ne aka fi yi wa bincike. Tunanin da ke bayansa mai ma'ana ne, domin sinadari ne da tsoka ke buƙata wajen sakin jiki bayan ta ɗaure, kuma buƙatarsa na ɗan ƙaruwa da ciki, ta kai miligiram 350 zuwa 360 a rana ga babbar mace. Amma da aka zo gwaji, sakamakon ya rabu. A Suwidin, a 1995, matan da aka ba shi sun fi waɗanda aka ba ƙwayar wofi, wato wadda babu magani a cikinta, samun sauƙi. A Norwe, a 2008, ba a ga bambanci ba. A Tailan an ba mata miligiram 300 a rana na mako huɗu, aka ga ƙagewar ta ragu sosai. A Barazil aka yi irin wannan gwaji da miligiram 300, rukunin biyu suka tashi kusan kunnen doki. Da masanan Cochrane, masu tace binciken likitanci, suka tattara gwaje-gwaje takwas da suka ƙunshi mata 576 a 2020, abin da suka iya cewa shi ne hujjar ba ta da ƙarfin da za a yanke hukunci a kanta, ko ga magniziyam ko ga sauran.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, magniziyam abin gwadawa ne, ba abin rantsuwa ba. Wata zai yi mata, wata ba zai yi ba, kuma ba a ganewa sai an gwada. Wani abin lura daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne yadda matan da suka sha ƙwayar wofi su ma da yawa suka ce sun sami sauƙi. Ƙagewa ciwo ne mai zuwa ya tafi don kansa, mako guda ya matsa, mako guda ya lafa. Don haka idan ƙawarki ta rantse cewa ƙwaya kaza ce ta warkar da ita, ba ƙarya take yi ba, amma ba lallai ƙwayar ce ta yi aikin ba.

Illarsa sananniya ce: sakin ciki, tashin zuciya, murɗawar ciki. Ga mai fama da taurin bayan gida, wanda shi ma abokin juna biyu ne, wannan illar na iya zama riba. Ga wadda cikinta ke saurin ɓaci kuwa, zawo zai zubar mata da ruwa da sinadaran da ake ƙoƙarin cikewa. Nau'in da aka saya ma yana da tasiri. Magniziyam oksayid ya fi arha amma jiki bai cika tsotse shi ba, kuma ya fi sa gudawa. Sitiret da bisgilaisinet sun fi shiga jiki. Iyakar da hukumomin lafiya a Amurka suka sa ga abin da ake sha ta ƙwaya ita ce miligiram 350 a rana, ban da na abinci. Mai ciwon ƙoda kada ta kusance shi sai da izinin likita, domin ƙoda ce ke fitar da rarar, in ta gaza sai ya taru a jini. Yana kuma hana wasu magunguna shiga jiki yadda ya kamata, irin su wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da maganin maƙoƙo, sai an ba da tazara a tsakaninsu. Af, kada a rikita shi da allurar magniziyam da ake yi wa mai jijjiga a asibiti. Waccan maganin ceton rai ce da ake yi ana auna numfashi da fitsari, ba ruwanta da zancen ƙagewar ƙafa.

Kalsiyam labarinsa daban ne. A kan ƙagewa kanta, hujjarsa ta fi ta magniziyam rauni. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma a ɗaya daga cikinsu bai fi bitamin C da aka kwatanta shi da shi ba. Da don ƙagewa kaɗai ne, da na ce a bar shi a ƙarshen layi. Amma yana da wani aiki da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar masu ciki a wuraren da abinci ba ya wadatar da kalsiyam su riƙa shan giram 1.5 zuwa 2 a rana, don rage haɗarin hawan jinin juna biyu mai kai wa ga jijjiga. Saboda haka macen da ba ta cika samun madara da danginta ba, ko wadda likita ya ce tana cikin haɗarin wannan hawan jini, tana da dalilin shansa ko da ƙafarta ba ta taɓa ƙagewa ba. In ya rage mata ƙagewar, ƙari ne. Wadda kuwa abincinta ke ba ta miligiram 1,000 ɗin da ake buƙata a rana, ƙara ƙwaya a kai don ƙafa kawai ba shi da wata madogara.

Wahalarsa ta fi ta magniziyam. Ƙwayoyin manya ne, ana raba su sau uku a rana tare da abinci, suna iya kawo kumburin ciki da taurin bayan gida, akasin magniziyam ke nan. Babban abin kiyayewa shi ne yana kishi da maganin ƙarin jini: in aka haɗiye su tare, kalsiyam na rage yawan sinadarin ƙarfen da jiki zai tsotsa. Sai an raba su da sa'o'i. Ba zai yiwu a gyara ƙafa a jawo ƙarancin jini ba. Kuma a duba rubutun kwalba da kyau, domin ƙwayar kalsiyam kabonet mai nauyin miligiram 1,250 ainihin kalsiyam ɗin da ke cikinta 500 ne kacal. Haka nan magungunan ƙwannafi da yawa, waɗanda masu ciki ke tauna kamar alewa, da kalsiyam ko magniziyam aka yi su. Ki faɗa wa mai duba ki idan kina shan su, don a sa su cikin lissafi.

Bitamin B, musamman B1 da B6, an gwada su a ƙaramin bincike aka ga alamar amfani, amma bai kai a gina shawara a kansa ba, kuma B6 mai yawa na tsawon lokaci na lalata jijiyoyi. Abin da ke cikin ƙwayoyin da ake ba ki a wajen awo ya isa.

Akwai kuma ƙananan gyare-gyare da ba sa buƙatar a zaɓi ɗaya a bar ɗaya, don duk ana iya haɗa su. Ruwa: kofi 8 zuwa 12 a rana ake so ga mai ciki, kuma fitsari shi ne ma'auni, in ya yi duhu to ruwa ya yi kaɗan. Ki fi sha da rana don kada dare ya ƙare a zirga-zirgar bayan gida. Tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30, da guje wa doguwar tsayuwa ko dogon zama wuri ɗaya. Takalmi marar tsini mai riƙe ƙafa. Wanka da ruwan ɗumi kafin kwanciya, ɗumi fa, ba mai zafin da zai sa gumi da jiri ba. Kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, wanda daga mako na 28 ma shi ake so saboda lafiyar jariri. Sai wani da ba a cika kula da shi ba: bargon da aka cusa ƙarƙashin katifa ya ɗame yana danne yatsu su kalli ƙasa duk dare, daidai yanayin da ke tayar da ƙagewa. Ki sassauta shi ta wajen ƙafa. Safa mai matse ƙafa kuwa ta fi amfani ga mai kumburi da jijiyoyin da suka fito ruɗu-ruɗu. In ba ki da waɗannan, ba ita ce farkon abin nema ba. Ta ɓangaren abinci, ganyaye masu duhun kore, wake da danginsa, da hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba duk suna ɗauke da magniziyam, kuma na abinci ba shi da iyakar da na ƙwaya ke da ita.

Biyu ne ba sa cikin zaɓi sam. Na farko kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. An daɗe ana ba da shi don ƙagewar dare, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2006, ta sake a 2010, cewa kada a yi amfani da shi don wannan, saboda yana iya rage ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ya kuma rikita bugun zuciya. Ga mai ciki har sukarin jini yana faɗar da shi. Idan likita ya rubuta shi don zazzaɓin cizon sauro, wannan lissafi ne daban, domin can cutar ta fi maganin haɗari. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak. Ita dai wannan hukuma ta yi gargaɗi a 2020 cewa a guje su daga mako na 20, domin suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, kuma wajen mako na 30 zuwa sama suna iya rufe wata hanyar jini a zuciyarsa tun lokaci bai yi ba. Idan tsamin washegari ya dame ki, farasitamol a ƙa'idarsa shi ne wanda aka yarda da shi, amma shi ma tsami yake ragewa, ba ya hana ƙagewa.

Wani abin da ake rikitawa da ƙagewa shi ne ƙafar da ba ta zama wuri ɗaya: ba dunƙulewa ba ce, wani irin yam-yam ne a cikin ƙafa da ke tilasta miki motsa ta da zarar kin kwanta, in kin motsa ya lafa. Wannan ya fi alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe, don haka gwajin jini yake nema, ba magniziyam ba.

To wa ya kamata ta ɗauki me? Idan ƙagewar jefi-jefi ce, sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka, miƙa ƙafa da waɗancan gyare-gyare sun wadatar, ba sai an ƙara ƙwaya a kan waɗanda kike sha ba. Idan tana tashin ki sau biyu ko fiye a mako, kin kuma yi mako biyu zuwa uku kina miƙa ƙafa ba fashi amma ba sauyi, to lokacin maganar magniziyam ya yi, kuma a wajen awo za a yi ta, a duba ƙodarki da sauran magungunanki. Idan abincinki ba shi da wadatar kalsiyam ko kina da haɗarin hawan jini, kalsiyam ne kan gaba, saboda dalilinsa na kansa. Mai taurin bayan gida ta fi dacewa da magniziyam, mai saurin zawo ta yi hattara da shi. Wadda kuwa ke fama da amai mai yawa ko gudawa kuma ƙagewar ta zo tare da kasala, wannan ba ta zaɓin ƙwaya ba ce, a auna sinadaran jininta tukuna.

Duk wanda kika ɗauka, ki gwada abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ki san wanda ya yi aiki ba. Ki sami takarda kusa da gado, duk daren da ƙafar ta ƙage ki ja layi, tun mako guda kafin ki fara. Gwaje-gwajen da aka yi da magniziyam mako biyu zuwa huɗu suka ɗauka, don haka mako huɗu ya isa a gani. Idan layukan sun ragu da kamar rabi, ki ci gaba da sanin mai duba ki. Idan suna nan yadda suke, ki ajiye ƙwayar, ki tafi da takardar ranar awo ta gaba a sake dubawa.